Gambar Kan Iyaka

Tambuwal,
Ranar Asabar.

Zuwa ga uwargidana Batula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, yaya Kamila da jego, yaya kuma amaryata sabuwa? Ki gaya mata angonta na nan yana jira, ko da yake an ce hancin ubanta ta ɗauko, to sai na sake shawara. Yaya sanyin Abuja da ciwon bayanki? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne ke in kin ɗauki waya sai kin buɗe murya duk ɗaki ya ji, ni kuwa ba na so surukina ya ji wannan. Shi ya sa na ba Na'iya direba ya miƙa miki hannu da hannu.

Batula, na sayi injin nan. Wanda muka gani a gidan maƙwabcin su Kamila ranar suna, mutum na zaune a kai yana yankan ciyawa, har kika ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga. Na samu na hannu, na taɓa kuɗin sallamata na aiki, an kawo mini shi a mota. Na san kin ce kada in saya. Na ji, amma zuciya ba ta ji ba.

Abin ba shi da sitiyari, sanduna biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In ka tura su tare ya yi gaba, in ka tura ɗaya ka ja ɗaya sai ya juya a inda yake kamar kare mai bin wutsiyarsa. Ba ya shan mai, ba hayaƙi, batir ne, solarmu ke cika shi, sai dai yini guda yake ci yana sha. Ranar farko na ja sandar da ba ita ba, ya yi kan randarki ta gindin dalbejiya. Ki yi haƙuri, na sa an kawo wata, amma ruwanta bai kai na waccan sanyi ba.

Wata matsalar kuma, ciyawar adon da na shuka a tsakar gida ba ta kai ta kawo ba. Kafin shayina ya huce na gama yanke ta. Sai in zauna a kai ina ta juyi a banza, kaji suna kallona. Malam Saminu maƙwabcinmu ya ji ana yankan ciyawa, ya shigo da buhu zai ɗebar wa ragonsa, ya tarar injin ya niƙe ta kamar kuka. Ya damƙo ya duba, ya ce, “Alhaji, wanga abu naka taunawa shikai shi tofar, ko akuya ba ta gode mai.” Na yi dariya tare da shi, amma abin ya ɗan sosa ni.

Don haka na yanke shawarar kai shi ƙauye, wajen Yaya Uthman, can bayan Fakku, inda fili yake. Kin san da lauje ya yi ta yankan ciyawa yana kaiwa kasuwar Kebbe a ka har na gama makaranta, bayan rasuwar Baba. Yanzu gwiwarsa ta gaji. Ina so ya ga zamani ya zo da mutum zai yanki ciyawa ba tare da ya sunkuya ba. In na faɗi gaskiya, ina kuma so a ga ƙanen Uthman a kan abin da ba a taɓa gani ba.

Ki gaishe da Kamila da maigidanta. Allah ya raya jinjira.

Naki,
Attahiru.

Tambuwal,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Batula,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da mai jego da jinjira kuna lafiya. In kin ji muryata wata iri a waya kwanakin nan, ba zazzaɓi ba ne kamar yadda na ce miki. Lafiyata ƙalau. Kunya ce ta kwantar da ni, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Na ɗauki hayar a-kori-kura na kai injin. Hanyar Kebbe kin san ta, sai da muka ɗaure shi da igiya kamar sa. Da muka isa na tarar Yaya ya tafi kasuwa, sai matarsa Safiyyatu. Ta ce in jira shi. Ban jira ba, domin kafin a sauke injin rabin gari ya taru. Na yanke ciyawar ƙofar gida, na yanke ta gaban masallaci, wuri ya yi fes. Ana ta kabbara, tsofaffi suna sa mini albarka. Da na tsaya a nan da yau ina barci.

Sai wani daga cikin taron ya ce ai wannan ƙaramar ciyawa ce, ko zai iya da babba? Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. Na juya na nufi gonar Baba ta bayan gida, jama'a na biye da ni. Babu wata doguwar ciyawa a wurin sai gambar da ke kan iyaka, tsakaninmu da gonar Ɗangiwa, ta fito kore shar har gwiwa.

Batula, ba zan ce miki ban san ko mece ce ba. Na sani sarai. Babanmu da uban Ɗangiwa sun shekara da shekaru suna rigima a kan wannan iyaka, ranar da aka sasanta su suka dasa gambar nan tare, ni ina yaro ina miƙa musu saiwa. Duk wanda aka haifa a ƙauye ya san gambar iyaka ba a taɓa ta sai kaka, shi ma sai masu gonar biyu sun yarda, a yanka a raba a yi zana. Na ce wa raina ai za ta sake tohowa, na tura sanduna.

Tayar dama ta bi kan geron Ɗangiwa da bai daɗe da tsirowa ba, ban ko waiwaya ba. Da na kai inda iyakar ta yi lanƙwasa, sai na ce bari in nuna musu juyin nan. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. Na juya, aka yi shewa. Na ƙara, aka ƙara shewa. Na yi ta juyi kamar mahaukaci, tayoyi suna tumɓuke gamba da saiwarta, har wurin ya koma kamar an yi huɗa, babu mai iya cewa ga namu ga nasu. Ana cikin haka wata jar fitila ta kama, injin ya yi shiru. Batir ya ƙare, kuma ya ƙare ne ina tsakiyar gonar Ɗangiwa. Babu wuta a garin, abin kuma nauyin bijimi gare shi.

Ban ga zuwan Ɗangiwa ba, sai dai na ji shewa ta ɗauke. Ya dubi geronsa, ya dubi inda gamba take a da. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Ashe yanzu da inji aka cin iyaka. Uthman ya iya aike.” Ya juya ya nufi gidan mai gari.

Ga abin da ya fi komai ci mini rai. Maimakon in bi shi in ce babu wanda ya aiko ni, sai na ce wa mutane zan je Tambuwal in ɗauko abin caji. Na hau babur na gudu kafin Yaya ya dawo daga kasuwa. Ni, da furfurata, da jika.

Safiyyatu ce ta kira ni ta ba ni sauran labari. Kin san duk yankin nan in an yi gardamar iyaka Yaya ake kira, shi ke zama kusa da mai gari, inda ya nuna da sandarsa nan ne iyaka, babu mai ja. Bai tara dukiya ba, wannan sunan shi ne abin da ya mallaka. To ranar a ƙasa ya zauna, gaban jama'a, ana tambayarsa ko shi ya sa ƙanensa ya shafe iyakar maƙwabci. Ta ce sai ya ce, “Ni nas sa shi.” Ya gwammace a ce shi macuci ne da a ce ƙanensa wawa ne kuma matsoraci.

Jiya ta sake kira. Wasu mutum biyu sun yi gardamar gona a unguwar gabas, mai gari ya tafi da dattawa, ba a aiko wa Yaya ba. Ta ce ya sa rigarsa ya zauna a zaure yana jira har azahar, sannan ya tuɓe ya rataye. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Yaya ya jiƙe.

Ki yi mini faɗan da za ki yi, na cancanta. Sai dai kada Kamila ta ji, tana jego.

Mijinki,
Attahiru.

Tambuwal,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Batula, abokiyar shawarata,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya su Kamila, yaya amaryata? Na ji an ce ta fara murmushi. Allah ya sa ba labarina aka ba ta ba.

Na yi zaton za ki wanke ni tas a waya. Da kika ce mini kawai in koma, kika kashe, wallahi ya fi zagi zafi. Na koma.

Na tarar da injin yana nan inda na bar shi, gero ya fara tasowa kewaye da shi, wata kaza har ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Ban shiga gida ba, ƙofar mai gari na wuce, na roƙi a kira Yaya da Ɗangiwa. Na cire takalmi na zauna a ƙasa. Na ce babu wanda ya aiko ni, Yaya ma ba ya gari, burga ce ta kai ni, tsoro ya kore ni. Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Yaya bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ce zan biya geron da na taka, Ɗangiwa ya ce gero ba komai ba ne, iyaka ce magana, domin a lanƙwasar nan babu sauran alama.

Muka ɗunguma gona. Mai gari ya tambaya wa zai nuna inda take. Da can ba a ma yin wannan tambaya. Can sai Ɗangiwa ya ce Uthman ya nuna, yana so ya gani.

Yaya ya dogara sandarsa yana ɗingishi, ya fara jan layi a ƙasa. Batula, na san inda lanƙwasar take, a nan na tsaya ina yaro ina miƙa saiwa. Ba nan ya bi ba. Ya shigo cikin gonar Baba da taki guda mai kyau, ya ja har ƙarshe. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗago ya yi mini kallo ɗaya, irin wanda yake mini in na yi ƙiwar makaranta, na haɗiye. Shi kansa Ɗangiwa ya ce ai ya shiga nasa da yawa. Yaya ya ce shi nan idonsa ya gani. Haka ƙasar da Baba ya ƙi saki har aka yi shekaru ana shari'a ta tafi, saboda ni ina so a yi mini shewa.

Ni na dasa sabuwar gambar da hannuna, na hana kowa ya taya ni. Rabona da fartanya tun kafin aurenmu, tafin hannuna duk ya yi kanta ya fashe, da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan. Shanun huɗar Ɗangiwa ne suka jawo injin zuwa bakin hanya, shi da kansa ya ɗaura musu igiya.

Na kwana biyu a gidan. Yaya bai yi mini faɗa ba. Kwano ɗaya muka ci tuwo, yana tura mini nama gabana kamar da. Da ya ɗauki sandar nan ya zuba mini da na fi samun sauƙi. Na ba shi haƙuri, ya ce in ci abinci yana hucewa. Na ce zan saya masa wata gonar, ya ce wadda za a saya ba ta Baba ba ce.

Safiyyatu ta kira ɗazu. Gardamar unguwar gabas ta ƙi mutuwa, yau da safe mai gari ya aiko a kira Yaya, ya sa rigarsa ya tafi. Na yi hamdala, sannan na shiga ɗaki na yi kuka, domin na san abin da ya bayar kafin a sake kiransa.

Injin yana nan gida, na yi masa caji. Na so in sayar, amma wa zai saya a Tambuwal? Kuma ranar da zan taho, da aka ɗora shi a mota, na ga Yaya ya ɗaure wani ƙunshi a kan kujerarsa. Gamba ce da saiwarta da ƙasarta. Ya ce in kai gida in dasa, don ni da ita mu riƙa gaisawa kada mu sake mance juna.

Na dasa ta a tsakiyar ciyawar adon nan. Duk ranar da na hau injin sai in rage gudu in kewaya ta a hankali, kuma don wannan aikin, in faɗi gaskiya, ya iya juyi. Idan kin dawo za ki ga wata doguwar ciyawa ta ɓata miki tsakar gida. Don Allah kada ki sa a cire ta.

Ki gaishe da kowa. Ki dawo da wuri, gidan ya yi mini faɗi.

Naki har kullum,
Attahiru.