Dardumar Baba

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya kasuwa? Ya iyali? Mutanen Masanawa suna lafiya.

Ka ce in yi haƙuri da ɗakin kwanan jami'a. To, tun da famfo ya ƙafe banɗaki ya toshe, 'yan saman bene a leda suke bayan gida, su wurgo ta taga. Shekaranjiya na shanya dardumar marigayi Baba, leda ta fashe a kanta. Wai a garin Shari'a! Mai kula da ɗakuna cewa ya yi, “Wa ya aike ka shanya ƙarƙashin taga?”

Na wanke ta har na gaji, amma na kasa ɗora goshina.

Gaida yara, a sa ni a addu'a. Kada Inna ta ji, tana zaton a kanta nake sallah.

Ƙaninka, Habu.