Baba ya wanke tukwanen fulawa

Abban yara,

Na wuce wurin aiki, ban samu na jira dawowarka ba. Kafin ka leƙa bayan gida, zauna ka karanta wannan.

Fulawoyin nan masu ƙaya da kake raino don shingen otal, babu su. Ka san sun zubar da ganye yadda suka saba duk shekara, ba abin da ya rage sai itace da ƙaya. Jiya da na je duba Inna, Baba ya gan su ya ɗauka sun mutu. Ya tumɓuke su kakaf, ya cinna musu wuta, ya wanke tukwanen tas ya jera a gindin katanga. Toka na dawo na tarar.

Na kira mutanen otal. Sun ce jibi za su yi dashe, wani za su nema. Na zaga masu sayar da fulawa har ƙafata ta kumbura, ba mai masu girman naka. Wahalar shekara da shekaru ta tafi a yini ɗaya. Saiwa guda na tsinta da wuta ba ta cinye ba, tana cikin bokiti, amma ni kam ban sa rai ba.

Don Allah kada ka ɗaga masa murya. Hannunsa duk ƙaya ne, na ciccire wasu da allura, ka duba sauran. Tun da safe yake zaune a ƙofar ɗakinsa yana cewa, "Yau yaron nan zai ga na rage masa aiki."

Godiya yake jira. Ka daure ka yi masa.

Matarka