Kiɗan Baƙi da Kazata

Garin Isa, daren Laraba, Sha'aban, shekara ta biyu ta fari

Turawan Amurka masu haƙa mana rijiyoyi sun yi wasa yau a ɗakin taron makarantar da na taɓa shugabanta. Su uku ne: mai goge, mai jita, da mai wani molo mai fuskar ganga. Kiɗan manoman ƙasarsu ne, mai sauri kamar sussuka.

Kujerun gaba babu kowa. Mutanenmu sun lafe a jikin bango, domin kowa na tsoron a yi masa kirari alhali rumbunsa wayam. Mai gogen ya dubi kujerun. Ya zaci ƙin su aka yi.

Na ratsa na zauna gaba ni kaɗai, sannan na waiwaya na ce wa ƙanena Garba, "Ku matso, waɗannan ba su roƙo."

Ya ce, "Yaya, makaɗin da bai roƙo, mi shika ci?"

Aka yi dariya, aka matso. Da suka rera waƙar gonar da fari ya cinye, na fassara, har Garba ya share hawaye da hularsa.

Sun rantse ba su karɓar komai. Na aika gida aka kamo kazar da ta rage mini, na danƙa wa mai gogen. Ya rungume ta kamar jariri. Za ni yi kewar ƙwanta. Amma ba za a je Amurka a ce Gobirawa sun sallami makaɗi hannu rabbana ba.