Surukina da Gadar Ƙanƙara

Zuwa ga Aslaug,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta zo. Ni ba mai kai kuka ba ne, matata ma ba ta san na rubuto ba. Kada ki sa sunana a jarida, don kwarinmu ƙarami ne, in ka yi atishawa a wannan gefe sai a yi maka sannu daga wancan.

Daga sakandare na bar makaranta, na fara da zarto da gudumar aro. Yau rabin gidajen katakon kwarin nan hannuna ne ya kafa su, kuma ba wanda ya ɗora ni. Can saman dutse, a hayin ruwan da muke kira Baƙin Rafi, ina da ɗan ɗaki da na gina da kaina, a bayana na hau da katakonsa. Kowace shekara, Asabar ɗin da ta biyo bikin ranar ƙasa a watan Mayu, ni ne farkon hawa. In buɗe ɗaki, in hura wuta, in ɗaga tuta. Mutane su hango daga ƙasa su ce tsoho ya hau, hunturu ya ƙare.

Kin san ana cire gadar rafin kafin hunturu don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya ta, ba a mayar da ita sai ƙarshen Yuni. Kafin nan dusar ce ke rufe rafin ruf, ta daskare, a taka a wuce. Tun ina saurayi a kanta nake ƙetarewa, ba ta taɓa ci na ba.

To, ina da suruki, Troels, mijin 'yata Tordis. Ɗan Denmark ne, ƙasar da ke shimfiɗe ba tsaunuka, malamin lissafi. Ba shi da laifi, sai dai komai sai ya duba a waya. A teburin cin abincin bikin Ista, gaban 'yan'uwa, ya tambaye ni wai ko ƙetare rafin a Mayu ba kasada ba ne, ya karanta ana gargaɗi. Raina ya ɓaci. Na ce masa, “Malam, ku da in mutum ya hau kujera yake hango iyakar ƙasarku, me ka sani game da dutse? Ka zauna ka taya su wanke-wanke.” Kowa ya yi dariya, har da ƙanena da ba ya dariya ko a biki. Yaron ya ajiye cokali, kunnuwansa jajur, ya ce, “Baba, bana da ni za ka.” Na ce bismilla, in ƙafa za ta ɗauke ka.

Na zaci zai manta. Ina! Ya sayi takalman hawa, kullum ya taso daga aiki sai ya cika jaka da duwatsu ya haura tudun bayan coci. Ƙato ne, ya kusa yin biyuna. Ita kuma Tordis cikinta ya fito, jikana na fari.

Bana yanayin bai yi mini ba. Iskar kudu mai ɗumi ta zauna mana, ruwan sama ya zuba a kan dusar, kuma gari yana wayewa ba tare da ko ruwan bokiti ya daskare ba. Da rana sai ka ji dutse yana ruri daga nesa kamar ana sauke tirelar tsakuwa, ka ɗaga kai ka ga wani gefen ya zaftaro. Rafin da ke fitowa ƙasa fari tas ya koma kalar shayi da madara. A bayan ma'ajiyar katakona ya ajiye gawar barewa, ƙafafunta a kakkarye.

Ranar Lahadi na ce bari in leƙa ni kaɗai, ni da karena Tass. Tun a hanya ƙafata ke nutsewa har gwiwa inda a da ko sawu ba na bari. Da muka isa rafin, a ido komai lafiya, fari sumul daga gaɓa zuwa gaɓa. Amma Tass ya zauna. Karen da ya sha ƙetare wurin nan a gabana ya zauna yana kuka ƙasa-ƙasa, na kira shi har na gaji. Na taka kaɗan, na soka sandata. Aslaug, sandar ta shige kamar a cikin kunu, ta suɓuce daga hannuna ta tafi. Ta bar wani baƙin rami, iska mai sanyi na fitowa, ruwa na ruri a ƙasa har ina jin sa a tafin ƙafata. Da rarrafe na koma baya. Ban ga sandar ba har yau.

Da na sauko na biya shagon gidan mai inda muke shan kofi. Abokina Oddvar ya ce, “Kai tsoho, ina sandarka? Ko dutsen ya fara karɓar haraji?” Na ce na bar ta a can, hanya lafiya lau, ko saniya za ta ƙetare. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Bakina ya riga ni.

Jiya Tordis ta same ni a wurin aiki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dafa cikinta ta ce, “Baba, ni da kai na yarda, ba da waya ba. In ka ce lafiya, lafiya ce.” Ta tafi ta bar ni da guduma a hannu.

Na yi tunanin mu tashi da sassafe tun ƙanƙara na da ƙarfi, in ɗaura mana igiya. Na yi tunanin in ce gwiwata ta motsa, amma zai ce shi zai kai tutar a madadina, na san shi yanzu. Ko in zuga 'yata ta hana shi, ya zama shi ne ya janye? Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya gaban yaron da na yi wa dariya in ce ya fi ni gaskiya. Wace dabara ce za ta fitar da ni ba tare da na zubar da girmana ba?

Naki,
Mai Tutar Dutse

Mai Tutar Dutse,

Na gode da ka rubuto, kuma na fahimci abin da ke ci maka rai. Mutumin da ya gina kansa da kansa ba ya son a koya masa dutsen da ya girma a gindinsa, balle a gaban iyalinsa. Saninka na wurin nan gaskiya ne, shi ya sa ka je ka duba, shi ya sa ka dawo da rai. Amma shi ma Troels tambaya ya yi, ba raini ba. Duwatsun da yake ɗauka a jaka ba don son dutse ba ne, so yake ka ɗauke shi ɗa.

Dabarunka ba wadda za ta yi. Sassafe yana taimako ne in ƙanƙara ta kwana da sanyi, kai da bakinka ka ce bana ba ta yi. Igiya kuwa, in ƙato ya rufta, ba kai za ka fito da shi ba, shi zai ja ka. In ka fake da gwiwa zai tafi shi kaɗai. In ka sa Tordis ta hana shi, ka ɗora wa mai ciki kayan da kai ka ɗaure, kuma mijinta zai daɗe yana jin kunyar da ba tasa ba.

Kada ku hau. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka je wurinsa yau, ba ta waya ba, ka ba shi labarin sandar kamar yadda ka ba ni. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka ce masa tambayarsa tana kan hanya. Daga nan ka wuce shagon gidan mai, don akwai abin da ban ga ka lura da shi ba. A kwarinku maganarka ita ce gadar. Ka ce ko saniya za ta ƙetare, kuma ba Oddvar kaɗai ya ji ba. Wani yana iya ɗaukar iyalinsa ya hau kafin Asabar ɗin ma. Ka janye maganar a inda ka faɗe ta, ka sanar da masu kula da hanya su kafa gargaɗi.

Za su yi maka tsiya, Oddvar zai sha kofi da labarin har kaka. Ka bar shi. Idan Yuni ya yi, masu mayar da gada za su nemi ƙarti, kai kuma kana da ɗaya a gida. Ku kafa ta tare, ka miƙa masa tutar ya ɗaga.

'Yarka ta ce in ka ce lafiya, lafiya ce. Girmanka ke nan, kuma ba a kan tuta yake ba. Allah ya sauke ta lafiya, ya sa jikan ya tarar da ubansa da kakansa duka a gida. Ka shafa mini kan Tass.

Aslaug