Murjanin Inna

Daren Laraba, Fadaman Mada

Ya mutu. Reshen murjanin teku mai rai da aka kawo mini daga Legas ya koma fari fat kamar ƙashi. Da hannuna na liƙe tsohon akwatin gilashin kifin nan, na haɗa ruwan gishiri, amma tun jiya babu wuta, famfo ya tsaya, ruwa ya yi zafi. Wa ya aike ni kiwon abin teku a nan Bauchi?

Inna ta same ni zugum. "Ikon Allah! Murjani ne ke mutuwa?" Ta cire na wuyanta, jan nan na aurenta, ta jefa a ruwan. "Ga wanda ba ruwansa da wuta."

Na kasa dariya. Murjanin Inna kaɗai ke da launi a ciki.