An Ce Addu'a Ce A Murfin Inji, Ashe Lissafin Bakanike Ne

Assalamu alaikum Malam Uwaisu. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ranar Litinin ta sama, domin ranar za mu koma gaban alƙali, ni kuma kaina ya rabu biyu.

Ni ɗan Gammo ne ta ƙasar Kabo, shekaruna ashirin da takwas. Boko a aji huɗu na tsaya, allo ne na ɗan taɓa. Na daɗe ina tuƙa motar mutane, sai bayan girbin bana na sayar da shanun huɗarmu guda biyu, yayata Uwaliya ta sayar da awakinta ta ƙara mini, na ce ni ma in samu tawa in riƙa jigila tsakanin Gwarzo da Kano.

Wani dillali a Gwarzo, ba zan faɗi sunansa ba, ya nuna mini wata ƙaramar mota, fenti sai ƙyalli. Ya ce wai ta wata Hajiya ce a birni, ba ta zuwa ko'ina da ita sai asibiti da gidan biki. Mita tana nuna kilomita dubu casa'in da shida. Da ya ɗaga murfin inji na ga wani rubutu da farin fenti ta ciki, baƙin mai ya rufe rabinsa. Ya ce addu'ar tsari ce Hajiyar ta sa malaminta ya rubuta, shi ya sa ko mai fenti bai taɓa wurin ba. Har na ji motar ta ƙara kwanta mini. Na biya miliyan huɗu da rabi a gaban shaidu biyu.

To Malam, tun a satin farko na fara ganin abubuwa. Robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito. Kujerar direba ta lotsa ta gefen da ake fita. Da na ɗaga safaya taya na tarar da ƙwayoyin dawa da busasshen kashin akuya. Na ce a raina, wace Hajiya ce wannan mai kai akuya asibiti? Amma ban ce wa kowa komai ba, don zato ba hujja ba ne, kuma in na yi magana da wuri mutumin zai shirya.

A sati na uku ta tsaya mini a hanyar Gude da rana tsaka, ruwa yana tafasa. Na ɗaga murfi ina jira ta huce. Da babu abin yi, na ce bari in karanta addu'ar nan ko na samu lada. Na sa tsumma na goge. Wallahi Malam ajami ne, kuma babu sunan Allah ko ɗaya a ciki. Layi-layi ne: juye, wato canjin baƙin mai, sai kwanan wata, sai lambar mita da lambobin Larabci. Layin ƙarshe an rubuta canjin bel, kilomita dubu ɗari uku da goma sha biyu, kuma shekara biyu ke nan da rubutawa. A ƙasa an sa Nata'ala Kabo.

Ban koma wajen dillalin ba. Na ɗauki hoto da waya, washegari aka ja mini motar zuwa Kabo, na yi ta tambaya har aka nuna mini garejin. Malam Nata'ala dattijon bakanike ne, tun kafin a kwance igiya ya gane ta, har ya shafa ta kamar ya ga ɗiyarsa. Ya ce shekara shida tana lodin kasuwa tsakanin Kabo da Kano, shi yake mata juye, kuma duk motar da ya taɓa haka yake rubuta mata don ba ya ajiye littafi.

Sai da na samu wannan na je wajen dillalin da shaiduna, cikin lalama. Ya ce ciniki ya faɗa, mota kuma ai ba a ba ta garanti, in je duk inda zan je. Na je. Na kai ƙara kotun shari'a, aka kai masa sammaci.

Ranar zama ya sake cewa addu'a ce. Alƙali ya taso da kansa har harabar kotu, ya sa aka ɗaga murfi, ya gyara tabarau ya karanta a fili, sannan ya tambaye shi a wane littafi ya taɓa ganin addu'a mai juye a ciki. Malam, har ɗan sandan kotu sai da ya juya baya yana dariya. Malam Nata'ala ya ba da shaida. Aka tambayi dillalin sunan Hajiyar, ya kasa kawowa. Ni tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, Allah ya yafe mini.

Ga inda matsalar take. Shekaranjiya kawun dillalin ya zo har gida da dattawa biyu. Sun ce za a mayar mini da kuɗina cif, in mayar da mota, amma in janye ƙara kafin Litinin, kuma kada a sake jin zancen. Sun ce shi ma haka ya saye ta, bai san an juya mita ba. Uwaliya ta ce in karɓa yau-yau, damina ta kusa kuma ba mu da abin huɗa. Gaskiyarta ce, kuɗinta ne a ciki. Ni kuma ina so in ji alƙali ya yanke da bakinsa, kuma na san in motar ta koma hannunsa a ɓoye, goge rubutun zai yi ya sayar wa wani irina. In karɓa ko in tsaya?

Naka, Direba daga Gammo.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Barka da arziki. Ka yi abin da da yawa masu digiri ba sa iyawa: ka ga alama ka yi shiru, ka nemo hujja, ka nemo mai shaida, sannan ka yi magana. Cinikin da aka ɓoye aibi a cikinsa, ko aka kwatanta kaya da abin da ba shi ba ne, mai saye yana da damar mayarwa, a shari'a da kuma doka. Zancen wai ciniki ya faɗa bai rufe wannan ƙofa ba.

Yayarka tana da gaskiya. Hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Ana iya yanke maka yau ka yi wata shida kana bin biya. Kai ma kana da gaskiya, domin janye ƙara a zaure shi ne ka ajiye abin da ya kawo su gidanku. Shi kuma dillalin, mai yiwuwa ba shi ya juya mitar ba, amma labarin Hajiya daga bakinsa ya fito.

Saboda haka ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Ka gaya wa dattawan cikin girmamawa cewa ka yarda da sulhu, amma a gaban alƙali ranar Litinin. A rubuta kuɗinka, da abin da ka kashe na jan mota da shigar da ƙara, a biya ta banki ka ga shigarsu, sannan ka miƙa makulli da takardu. Ka roƙi kotu ta sa ainihin tafiyar motar da lambar jikinta a takardar sulhun, ka karɓi kwafi. Wannan shi ne iya abin da za ka yi wa mai saye na gaba, kuma ba kaɗan ba ne. In sun ƙi zuwa kotu, ka san ba biya suka yi niyya ba, sai ka bar shari'a ta ci gaba.

Kafin nan kada ka hau motar ko ka ɗauki fasinja, kada a ce ka ga aibi ka yarda. Kada ka sa hannu a wata takarda sai wanda ka amince da shi ya karanta maka, in da hali lauya.

Ranar kuma ka je da wuri, ka gaishe da kawun nasa, kada ka yi wa kowa dariya. Ka riga ka yi nasara, saura ka ɗauke ta ka kai gida. Allah ya sa a tashi lafiya, ya ba ku damina mai albarka.

Malam Uwaisu.