Warin Ɗakin Ƙasan Gidanmu, Ni Ce Silarsa

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, ni ma na zagi kaina ya ishe ni.

A Tunga muke zaune, nan Minna. Gidanmu a kan gangare aka gina shi, shi ya sa akwai ɗakuna biyu a ƙasa: ɗaya sito ne, ɗayan mijina ya ba wata bazawara da mijinta ya rasu haya, Maman Blessing, mutuniyar kudancin Kaduna, tana jiƙa rogo tana yin fufu na sayarwa. Matar nan ita ta ɗauke ni a Keke Napep zuwa asibiti ranar da na yi ɓari, ita ta wanke min zannuwana da hannunta.

Bayan ɓarin na daɗe shiru ban sake samun ciki ba, sai surukata Hajiya ta fara aiko min da jiƙo daga Bida a galan, saiwoyi da zuma da nono, an wanke rubutu a ciki. Wallahi na gwada sha. Kurɓa ɗaya na yi, sai da na amayar da abin da na ci jiya. In ta kira ta ce, "'Yata, kina sha kuwa?" sai in ce, "Ina sha, Hajiya, har ya kusa ƙarewa." To ya zan yi da shi? Abin da aka wanke ayar Allah a ciki, in tuttular a kwata? Hannuna ya ƙi. Sai na riƙa sauka da galan ɗin sito ina turawa lungun ƙarƙashin matakala, bayan ragowar kwanon rufi, da niyyar wata rana in samu wuri mai tsarki in zubar. Wata ranar ba ta zo ba, galan kuwa sai taruwa suke.

Da zafin bazara ya kankama, wari ya fara tasowa ta matakala har falo. Wari ne mai tsami, kamar ruɓaɓɓen ƙwai a cikin tsohon kunu. Mijina ya ce mushen ɓera ne, ya duba bai ga komai ba. Ya kira mai gyaran famfo ya bi bututun banɗaki, ya ce lafiyarsu ƙalau. Aka kwashe sokawe, wari na nan. Ni kaɗai na leƙa na ga galan sun kumbura, wasu sun fashe, ruwan ya jiƙe siminti ya bi gindin bangon da ya raba mu da Maman Blessing. Ga shi a lokacin ina da ƙaramin ciki, ko bakin ƙofar na tsaya sai jiri ya kwashe ni, balle in kwashe su.

Ran nan mijina ya sake sauka, ina bayansa da mayafi a hanci. Yana bin bango yana shinshinawa har ya kai hannu kan kwanon rufin nan, ya ce, "Bari in janye wannan tarkacen." Anti, ban san lokacin da bakina ya ce, "Maigida, anya ba ruwan rogon Maman Blessing ne ke ratso bango ba?" Ya saki kwanon, ya dube ni, ya ce, "Kin ga kuwa, ban yi wannan tunanin ba." A ranar ya ba ta notis zuwa ƙarshen wata, ya ce ba zai bar wari ya illata masa mata da ciki ba. Ya kulle siton ya tafi da makullin don kada in ƙara shiga.

Me ya hana ni faɗar gaskiya? Hajiya ce. Tun da ta ji labarin cikin nan take yawo gidajen dangi tana cewa jiƙonta ne ya kama ni, har hawaye ta yi a waya tana sa min albarka saboda biyayya. Da wane ido zan dubi tsohuwar nan in ce ko kofi ɗaya ban shanye ba, na bar wahalarta ta ruɓe a lungu? Mijina kuma mutum ne da zai yafe komai ban da ƙarya.

Jiya na sauka na tarar da Maman Blessing tana ɗaure kwanukanta a buhu, 'yarta na tambayarta ko za ta canza makaranta. Na tsaya kamar gunki, na ce, "Maman Blessing, sannu da aiki." Ta ɗago ta ce, "Amarya, rogo na ba ya wari haka, kai ma ka sani. Na sha ganin ka da galan." Sai ta ci gaba da ɗaurinta, ta ce, "Kar ka damu, ba zan fada ma Oga ba. Ka kula da cikin ka, wancan ya wahalar da mu."

Wancan ya wahalar da *mu*, haka ta ce. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tun jiya nake jin kunya kamar in nutse. Kuma na san ko ta tashi warin ba zai bi ta ba, yana nan yana jirana a bayan kwanon rufi.

Wata ya kusa ƙarewa, ba ta samu ɗaki ba. In na yi magana zan zubar da mutuncina a gaban mijina da mahaifiyarsa, in na yi shiru za a fitar da marainiya da uwarta saboda ƙaryata. Jama'a, ku dubi girman Allah ku faɗa min: me zan yi?